Rijiya Ɗaya a Gonar Arzika

Samarin da ke zama a bakin shagona a Birnin Kebbi suna da wata magana da suke yi in sun ga mun dawo daga fadama jikinmu duk laka. Sai su ce, “Baba Sanda, ai ku kun huta. A soka bututu ƙasa, a tada inji, ruwa ya fito, a koma gida.” Nakan yi dariya kawai, don wanda bai taɓa ganin bututu ya maƙale cikin yumɓu ba yana da damar faɗin haka. Shekara talatin da ɗoriya ina haƙa rijiyar fadama, irin wadda manoman shinkafa ke ɗora wa injin ban-ruwa, tun daga Ambursa har bayan Argungu. Har yau in na tsaya a sabuwar gona gabana yakan ɗan faɗi.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa ake raina mu. Akwai bututun ƙarfe da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, da tiyo, da inji, da zarto, sai bututun roba wanda shi ne zai zauna cikin ƙasa. Ana tsattsaga ƙarshensa da zarto a naɗe da raga, don ruwa ya shiga yashi ya tsaya waje. Wajen haƙar kuwa, inji ne ke tura ruwa cikin bututun ƙarfen, mutum biyu suna ɗagawa suna saki suna murzawa, ruwan yana cin ƙasa yana dawowa sama da duk abin da ya tarar. Wato da ruwa muke neman ruwa. In ba ka da inda za ka ɗebo na haƙar, ko kogi ne kwance a ƙarƙashin gonar ba ka da yadda za ka yi.

Aikin farko da nake tunawa a Argungu ne, a wata gonar albasa, ina bin maigidana Malam Gado. Lokacin na riga na yi aure, na bar sana’ar su don kifi ya ja baya. Malam Gado ba mai bayani ba ne. Duk gaɓar da ta shige sai ya tara hannu a bakin ramin, ya damƙi abin da ruwa ya fito da shi, ya ajiye a gefe, har ya jera tsibi-tsibi. Ranar na ga ruwa yana dawowa da yawa, na ce masa mun samu. Sai ya ɗebi tsibin ƙarshe ya dangwara mini a tafin hannu.

“Murza,” ya ce. “Ka ji ƙara?”

Na ce ban ji ba, santsi ne da ita.

“To ba mu samu komi ba. Yashi shi ad da ruwa. Laka riƙo kawai takan yi.”

Sai da muka ƙara gaɓa biyu kafin abin ya fara kartar hannu. Muna naɗe tiyo ya nuna mini wani kududdufi a gefen gonar, ya ce in na ga inda ruwa ya daɗe kwance a sama, in sani ƙasa ce ta hana shi shiga, kada in kai bututuna wurin. Iyakar karatun da ya ba ni da baki ke nan cikin shekara huɗu, sauran duk da ido na ɗauka.

Manoma kuwa kowa da irin nasa. Wani zai nuna maka gindin itace ya ce a nan yake so, don injinsa ya sha inuwa. Wani zai ce kakansa ya faɗa akwai ruwa a kusurwar gabas. Wani zai tsaya a kanka yana koya maka aikin har ka gama. Da dai haƙuri ake zama da su, don in rijiya ta yi, Allah ne ya ba su, in ba ta yi ba kuwa Sanda ne bai iya ba.

Tun da na tsaya da ƙafata abokin aikina ɗaya ne, Bitrus. Mutumin Filato ne, amma a Birnin Kebbi ya girma, yana zaune wajen unguwar Gesse da iyalinsa. Shi ne mai inji. Yana jin ƙarar inji daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa. Mun yi shekara ashirin ba mu taɓa yin wata gardama mai nauyi ba, sai shekarar da aka ƙi sa hannu a kasafin kuɗi.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wani ɗan ƙauye bayan Ambursa, gida tara ne, ba su taɓa noman rani ba, don an sha gwada rijiya a fadamarsu ba a dace ba. A shekarar ambaliya ta cinye musu shinkafar damina, abin da ya rage sai ɗan irin da suka ɓoye. Ana cikin haka sai wakilin wani ɗan majalisa ya zo ya ce maigidansa ya sa musu rijiyoyi cikin kasafin kuɗin ƙasa, har ya kafa allon aikin a bakin tabkin ƙauyen. Ya nemo ni ya ce ni zan yi aikin. Ba a jima ba na ji a rediyo majalisa ta amince da kasafi.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauka amincewar majalisa ita ce ƙarshen zance. Na hau babur na tarar da Sarkin Noman ƙauyen, Malam Bawa, dattijo ne mai ƙarancin magana, na ce masa su zuba iri. Ya dube ni ya ce, “Sanda, irin ga shi kaɗai ya rage mamu. Ka tabbata?” Na bugi ƙirji na ce kafin iri ya isa dashe rijiyoyi sun zauna. Saboda maganata suka fito da irin nan duka, suka zuba a fangali a gefen tabki, suna ba shi ruwa da bokiti.

Kwana uku bayan haka aka ce shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu. Ɓangarensa suka ce ’yan majalisa sun zaftare kuɗin manyan hanyoyi da wutar lantarki sun cusa ƙananan ayyuka a mazaɓunsu. ’Yan majalisa suka ce su suka san inda ke yi wa talaka ƙaiƙayi. Kullum rediyo sai wannan ya faɗa wancan ya mayar, aka kafa kwamiti, kwamiti ya ɗage zama. A tebur ɗin mai shayi, a tasha, a bakin masallaci, ba wata hira sai ta kasafi, har waɗanda ba su taɓa ganin takardarsa ba, irina.

Ni dai ina bayan majalisa, ba sai an tambaya ba. Bitrus kuwa sai ya ce shugaba ne da gaskiya.

“Sanda, in an yanka kuɗin hanya an raba wa kowa rijiya, wa zai kai shinkafar kasuwa? Kuma da akwai wuta, da manomi bai ƙare a gidan mai ba.”

“Ana cin kwalta ne?” na ce masa. “Bari mutum ya noma tukuna, sannan a yi zancen kaiwa.”

“Kai dai don an ce kai za ka haƙa ne.”

Wannan ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a ciki. Muka yi mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi kuwa iri bai san ana gardama ba, girma kawai yake yi. Zafi ya shigo, tabki yana ja da baya kullum. Da na koma ƙauyen iri ya wuce kwana ashirin, ya isa dashe, gonakin da za a dasa shi kuwa sun bushe sun tsattsage. Ruwan da ya rage a tabkin bai fi ya riƙe fangalin kwana huɗu ko biyar ba. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni da na fi jin sauƙi. Sarkin Noma ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini fura, matan suna wucewa da bokiti ba mai kallon inda nake.

Daga can kai tsaye gidan Bitrus na nufa. Na ce masa ba gardama ta kawo ni ba, na jefa mutane cikin rami ne. Ina da ragowar bututun roba da zai yi rijiya ɗaya, ina neman injinsa da hannunsa. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dai tambaye ni inda za mu ɗebi ruwan haƙa. Na ce tabkin. Ya san abin da hakan ke nufi: ruwan nan ko dai iri ya sha kwana huɗu, ko mu tura shi ƙasa sau ɗaya. In ba mu dace ba, washegari iri ya mutu.

Da sassafe muka isa. Na bar Bitrus yana sauke kaya, na zaga fadamar da ƙafa. Gefen tabki inda aka kafa allo baƙar laka ce, ga ramukan tsofaffin rijiyoyin da aka gwada ba a dace ba, duk a kewayen wurin. Kowa ya zo sai ya ga ruwa kwance ya ce nan ne. Da na hau arewa kaɗan sai na tarar da wata gona mai ɗan tudu. Na tsuguna a bakin gidan tururuwa, na ɗebi ƙasar da suka fito da ita, na murza, ta yi ƙara. Na bi ta a hankali, na ga yashin ya miƙe ya lanƙwasa, alamar tsohuwar hanyar gulbi ce da ta cike tun kafin a haife mu. Ga shi kuma wurin ya fi sauran gonakin tsayi, ruwa zai gangara musu da kansa.

Na dawo da murnata na gaya wa Sarkin Noma. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

“Wagga gonar Arzika ta,” ya ce.

Malam Arzika shi kaɗai ne a ƙauyen yake bayan shugaba a rigimar kasafi. Falke ne na albasa, kuma shekarar da ta wuce motar da ya yi wa lodi ta kafe a wata muguwar hanya har albasar ta ruɓe. Tun daga nan duk wanda ya ce a taɓa kuɗin hanya ya zama abokin gabansa. Ranar da aka kafa allon nan ya ce yaudara ce, aka yi musayar baƙaƙen maganganu, shi ke nan ya daina zama majalisin ƙofar Sarkin Noma. Ni kaina mun taɓa yi da shi a tashar Ambursa, har na ce masa albasa ta ruɓe masa a ka.

Mutane suka taru, kowa yana faɗin tasa. Wani ya ce in aka haƙa nesa da allo, ɗan majalisa zai ce sun juya masa baya, in kasafi ya fito ya kai rijiyoyin wani ƙauye. Wani ya ce ruwan gida tara ba zai zauna a hannun mutumin da ba ya gaishe su ba. Wani ya ce ga ruwa muna gani da ido, me zai kai mu tudu? Na ce musu allo ba ya jin abin da ke ƙasa, ni kuwa na ji da hannuna. Na ce na riga na yi musu ƙarya sau ɗaya ba da nufi ba, ba zan haƙa inda na san babu ba don in faranta wa wani.

Sarkin Noma ya daɗe yana kallon fangalin. Sannan ya gyara hularsa ya ce in biyo shi.

Muka tarar da Arzika a zaurensa yana ɗinke buhu. Ya amsa sallama bai ɗago ba. Sarkin Noma ya faɗa masa abin da ya kawo mu, bai ƙara gishiri ba.

“Ina rijiyoyin da anka sa maku cikin kasahi?” in ji Arzika. “Ku tai ku sha ga allo mana.”

“Mun ji, Malam Arzika. Ba wagga ta kawo mu ba.”

“Kai kuma, Sanda, ba kai kac ce albasa ta ruɓe mani ga kai ba?”

Na ce ni ne, kuma bakina ne ya fi ni gudu, ya yi haƙuri.

Ya ci gaba da ɗinkinsa har sai da ya kai ƙarshen buhun, ya ciji zaren. Sannan ya tambaya ko da irin Ige a cikin fangalin. Ige matar ƙanensa ce da ya rasu, tana riƙe da marayu. Sarkin Noma ya ce da nata. Arzika ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

“Ku haƙa. Amma ku sani ban sake magana ba, hanya ta hi.”

Shi ya ba da keken shanunsa aka riƙa jido ruwa a durom daga tabki. Muka tona ɗan rami muka shimfiɗa leda don kada yashi ya shanye. Bitrus ya tada inji, ni da wasu magidanta biyu muka kama bututu. Gaɓar farko ta shige kamar wasa, yashi ne mai laushi. A ta biyu sai muka ci karo da yumɓu. Na tara hannu na murza, santsi. Gaɓa ta uku ma santsi. Bututu ya fara nauyi, muna ɗagawa da ƙyar, rana ta take. Wani daga baya ya ce, “Ai mun hwaɗi.” Ban juya ba.

Mai jan keken shanu ya dawo da durom biyu ya ce su ne na ƙarshe, tabki ya koma taɓo, har tarwaɗa na birgima a fili. A lokacin na ji tsoron da ban taɓa ji ba a aiki. Na dubi Bitrus. Ya rage wa inji wuta yadda ruwan zai daɗe, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Kar ka ɗaga da yawa, murza kawai. Ina jin sautinsa yana sauyawa.” Ni ban ji komai ba, amma na yarda da kunnensa.

Muna tsakiyar gaɓa ta huɗu bututu ya sulale ƙasa da kansa wajen kamu guda, har ya kusa fizge mu. Ruwan da ke dawowa ya sauya launi. Na tara hannu, tun ban murza ba na ji yana cizon tafina, yashi ne manya-manya har da tsakuwa. Ban ce komai ba, don na koyi kame bakina. Muka ƙara nitsawa gwargwadon ruwan da ya rage, muka zura bututun roba da sauri kafin ramin ya rufta, muka zare na ƙarfen. Bitrus ya juya tiyo, ya cika inji da bokitin ƙarshe, ya ja igiya.

Inji ya yi tari, ya tofar da iska da ɗan taɓo, ya yi shiru. Bitrus ya toshe bakin tiyo da tafin hannunsa ya sake ja. Sai tiyon ya motsa a ƙasa, ya kumbura, ruwa ya fito ja wur, sannan ya fara washewa, ya yi ta zuwa ba ya yankewa. Aka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga bakin fangali. Ni kuwa na zauna daɓas cikin taɓo ina cewa alhamdulillahi, ban san sau nawa na faɗa ba. Bitrus ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce, “Har yanzu dai shugaba ne da gaskiya.” Na ce masa ya je ya ji da injinsa.

Kafin la’asar an ja ƙorama daga gonar Arzika har fangali da gonaki uku na kusa. Gefen irin da ya fi nisa da tabki ya riga ya ƙone, amma mafi yawansa ya farfaɗo. Cikin makon muka haƙa wasu biyu a kan layin yashin nan da ruwan ta farko, da bututun da mutanen ƙauyen suka haɗa hannu suka samo. Kasafin kuwa an sa masa hannu daga baya, bayan kowane ɓangare ya ɗan sassauta, amma lokacin damina ta sauka, fadama ta cika, ba mai iya shiga da inji. Har yau ban san ko hanyar aka fi ba ko rijiyoyin, kuma na daina cewa na sani.

Kwana biyu bayan rijiyar farko aka fara dashe, na je don in ga ko ruwa bai ja baya ba. Na tarar da gonaki sun jiƙe, mutane sun nannaɗe wando, ana jiran Sarkin Noma ya fara, don a al’adarsu shi ke dasa damin farko a gonarsa kafin kowa. Na matsa na ce masa ya yafe mini maganar da na yi musu ba tare da na tabbatar ba. Ya ce, “Allah shi yahe mamu baki ɗai,” bai ƙara ba.

Ya sunkuya ya tuge iri dami guda, ya wanke saiwar. Maimakon ya nufi gonarsa sai ya hau tudu, jama’a suna biye da shi, har inda Arzika yake tsaye shi kaɗai a kan kunya. Arzika bai zuba iri ba a shekarar, don tun farko bai yarda da zancen ba. Sarkin Noma ya miƙa masa damin.

Arzika ya dubi irin, ya dubi mutane.

“Wanga ba shi sa in yarda da ɗan majalisarku,” ya ce.

“Wa yac ce ka yarda? Dasa dai, rana na yi.”

Arzika ya tuɓe takalmansa, ya karɓa, ya shiga ruwan.